Kwamfutata ta tebur ta tsufa tana mutuwa da kanta: in gyara ta ne ko in nemi wata?

Mai shagon buga takardu, Zariya

Assalamu alaikum malamai. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin kwamfuta a kan wata matsala da ta daɗe tana damuna, kuma zan yi ƙoƙarin bayyana komai dalla-dalla domin kada a ba ni amsa a kan abin da ban faɗa daidai ba.

Ina da ƙaramin shago inda muke buga takardu, muna tsara katin biki da takardun shaida, muna kuma taimaka wa ɗalibai da cike fom da biyan kuɗin makaranta ta intanet. Kwamfutar da kusan duk aikin ya dogara a kanta tokumbo ce, irin ta ofis mai kwanciya a kan tebur, na saye ta a shekarar 2017. Furosesarta Intel Core i5-3470 ce, tana da ram 4GB, faifan ajiyarta kuma had-disk ne mai 500GB, sannan Windows 10 ke kanta. Manhajojin da muka fi amfani da su su ne Word da Excel da CorelDRAW da Chrome. Gaskiya ta yi mini aiki, ba ni da abin da zan ce da ita sai alheri, amma tun daga ƙarshen hunturun bana al'amarinta ya soma canzawa.

Abu na farko, duk safiyar da na kunna ta sai ta tsaya a baƙin allo tana neman in danna F1, kuma idan ta buɗe sai in tarar kwanan wata ya koma shekarun baya, agogo ma ba daidai ba. Idan na manta ban gyara ba, Chrome ba ya yarda ya buɗe shafukan biyan kuɗi, sai ya riƙa nuna gargaɗin cewa hanyar ba amintacciya ba ce. Abu na biyu shi ne nauyi. Daga lokacin da na danna makunni zuwa lokacin da zan iya buɗe Word yakan kai minti bakwai, kuma idan na duba Task Manager sai in ga faifan yana kan kashi 100 cikin 100 alhali ban buɗe komai ba. Wani lokaci idan shagon ya yi tsit ina jin wata 'yar ƙara daga ciki, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana ƙwanƙwasa farce a kan tebur. Abu na uku, wanda shi ne ya fi ƙona mini rai, shi ne mutuwa ba sallama. Tsakanin azahar da la'asar, musamman idan ana aiki a kan babban fayil na CorelDRAW, fankar takan ɗaga murya kamar za ta tashi sama, can sai allo ya ɗauke gaba ɗaya. Makon jiya haka ta yi mini ina tsakiyar gyara wa wata ɗaliba babi na huɗu na furojet ɗinta, tana zaune a gabana, aikin awa biyu ya tafi.

Na kai ta wurin masu gyara uku. Na farko ya ce ƙwayar cuta ce, ya yi mata fomatin har sau biyu, ta ɗan yi sauƙi kwana uku sannan ta koma gidan jiya. Na biyu ya ce furosesar ce ta gaji, in kawo kuɗi ya sa mini i7 tare da katin hoto. Na uku bai ko buɗe ta ba, ya ce in jefar in sayi sabuwa, kuma yana da wadda zai sayar mini. Kuɗin da na ware ba su da yawa, za su iya sayen wata tokumbo idan na matsa, amma shagon zai ji a jikinsa. Shi ya sa nake tambaya: waɗannan alamomi na kwamfutar da ta gama aiki ne, ko kuwa abu ne da za a iya gyarawa ta ƙara shekara biyu? Idan kuma gyara za a yi, da wanne ya kamata in fara?

Tsohon mai gyara, Titin Beirut, Kano

Wa alaikumus salam Malam. Ka kyauta da ka kawo bayani cikakke, domin daga abin da ka rubuta ana iya gane cewa ba cuta ɗaya ke damun na'urarka ba. Cututtuka uku ne daban-daban suka haɗu a lokaci guda, kuma shi ya sa duk wanda ya ba ta magani ɗaya ya kasa.

Kafin mu shiga maganar gyara, yau ɗin nan, tun kafin ka gama karanta sauran amsoshin da za a ba ka, ka kwashe takardunka daga wannan faifan zuwa filashi ko faifan waje. Ƙarar da kake ji alama ce ta cewa allurar da ke karanta faifan tana neman wani wuri tana kasa samu, tana komawa tana sake gwadawa. Faifan da ya kai wannan matsayi yana iya ƙara wata shida yana aiki, yana kuma iya ƙin tashi gobe da safe. Ka fara da abin da ba za ka iya sake samu ba, wato ayyukan mutane da zanen katuna da rubutun da ka tsara da hannunka, kada ka tsaya kwafar finafinai da manhajoji. Kuma kada ka sake yarda a yi mata fomatin, domin rubuta Windows sabuwa a kan faifai mai ciwo ƙara masa wahala ne kawai, gyaran gangar Abzinawa ke nan.

Maganar F1 da kwanan wata ita ce mafi sauƙi. A kan madabod, wato babban allon da kayan cikin kwamfutar ke haɗe a kansa, akwai wani ɗan batir zagayayye mai kama da kwabo, an rubuta CR2032 a bayansa, bolt 3 yake bayarwa, shi ke riƙe agogo da saitin BIOS, wato saitin farko da kwamfutar ke tashi da shi, idan an cire wuta. Idan ba a taɓa canza shi ba tun fitowar na'urar, ai ya yi ƙoƙari. Masu gyaran agogo ma suna sayar da shi. Gargaɗin da Chrome ke nuna maka daga nan ya samo asali, saboda takardar shaidar tsaro ta kowane shafi tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, idan agogonka ya ce muna shekarar da ba a ma fitar da takardar ba tukuna, dole ya ƙi amincewa. Bayan ka sa sabon batir, ka shiga BIOS ka gyara kwanan wata, ka kuma duba cewa saitin SATA, wato hanyar haɗin faifan, yana kan yadda yake a da, wanda galibi AHCI ne, domin idan ya canza Windows tana iya ƙin tashi ta nuna shuɗin allo.

Don tabbatar da lafiyar faifan, ka sauke wata ƙaramar manhaja kyauta mai suna CrystalDiskInfo. Tana karanto rahoton da faifan ke ajiyewa game da kansa. Shuɗi yana nufin lafiya, ruwan ɗorawa gargaɗi ne, ja kuwa an gama. Ka dubi layi mai lamba 05 da mai lamba C5: na farko yana ƙidaya wuraren da suka lalace aka maye gurbinsu, na biyu kuma wuraren da faifan ke kasa karantawa a yanzu. A can sama za ka ga adadin awoyin da faifan ya yi yana aiki tun ranar da aka ƙera shi. Ka rubuto mana waɗannan.

Mutuwa ba sallama ita ce ke buƙatar haƙuri, domin abubuwa uku na iya jawo ta: zafi, ko fawa-fak (akwatin da ke raba wa kayan cikin kwamfutar wuta), ko wutar da ke shigowa daga waje. Yadda ka ce tana faruwa ne da tsakar rana, bayan fanka ta yi ihu, kuma matsalar ta fara bayan hunturu, zuciyata ta fi karkata ga zafi. Ƙurar hunturu tana shiga tsakanin haƙoran ƙarfen da ke kan furosesa ta daskare har ta zama kamar bargo, iska ta kasa ratsawa, sai zafin Maris da Afrilu ya zo ya tarar da ita a haka. Man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen shi ma yana bushewa idan shekaru suka ja. Furosesa irin taka tana rage gudu da kanta idan zafi ya kusa maki 105 a ma'aunin Salshiyos, idan hakan bai wadatar ba sai ta kashe na'urar don kada ta ƙone. Ka sa manhajar da ke nuna zafin furosesa, HWMonitor ko Core Temp, ka buɗe wannan babban fayil na CorelDRAW da rana, ka sa ido a kan lambar. Idan tana zaune tsakanin 60 da 70 lokacin aiki, babu laifi. Idan tana haura 90, ka kama ɓarawonka.

Wajen sharewa, ka cire wayar wuta daga bango, ka danna makunni na ɗan lokaci don ragowar wutar ta fita, ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa komai a ciki. Ka fita da ita waje ka yi amfani da bulowa, amma ka dafe fankar da yatsa kada iskar ta riƙa juya ta da gudun da ya fi ƙarfinta. Ka kwance ƙarfen sanyaya, ka goge tsohon man da auduga da sifirit, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, ba sai ka shafe ko'ina ba. Tun da ka buɗe, ka ƙare wa kafasitocin madabod kallo: kansu ya kamata ya zama a shafe, idan ka ga wanda ya kumbura ko yake fitar da wani abu mai launin ƙasa, to maganar ta canza. Fawa-fak kuwa kada ka buɗe shi, akwai wutar da ke maƙalewa a cikinsa ko bayan an cire shi daga soket. Mai gyara zai iya auna shi da mita yana kan aiki: layin bolt 12 ya kamata ya tsaya tsakanin 11.4 da 12.6, na bolt 5 kuma tsakanin 4.75 da 5.25.

Akwai tambaya ɗaya da ba ka amsa ba a rubutunka. Idan ta mutu, a kan wutar gari kake ko a kan janareta, kuma me da me ke haɗe a layi ɗaya da ita? Ka lura da wannan na kwana uku ko huɗu kafin ka kashe ko naira ɗaya a kan wani abu da ya wuce batir da man furosesa.

Ma'aikaciyar sashen kwamfuta, Kaduna

Na yarda da duk matakan binciken da Baba ya zayyana, ba ni da abin da zan ƙara a kansu. Inda nake so in ja hankalin Malam shi ne wani bango da ke gabansa wanda gyara ba zai rushe shi ba.

Kamfanin Microsoft ya daina fitar da gyare-gyaren tsaro na kyauta ga Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma a wannan ranar ce Office 2016 da Office 2019 su ma wa'adinsu ya cika. An buɗe wani shiri na ƙarin wa'adi, amma ga masu amfani na gida shekara ɗaya kawai aka sanar da farko, zuwa 13 ga Oktoba 2026, kuma sai na'urar tana kan sigar 22H2. Windows 11 kuwa, wadda ta fito a 2021, tana neman abin da ake kira TPM 2.0, tana kuma neman furosesar Intel daga zubi na takwas zuwa sama, ko AMD Ryzen 2000 zuwa sama. Ta Malam zubi na uku ce, ta 2012. Ita i7 ɗin da mai gyara na biyu ke son sa masa, wadda za ta shiga wannan gurbi na LGA1155, ba za ta wuce i7-3770 ba, ita ma zubi na uku ce, ƙwaƙwalwa huɗu gare ta kamar ta yanzu, sai dai kowace tana iya ɗaukar aiki biyu a lokaci guda. Ga mai buga Word da katin biki bambancin ba zai kai kuɗin ba, kuma ba za ta buɗe masa ƙofar Windows 11 ba. Katin hoto ma haka, akwatunan ofis masu kwanciya fawa-fak ɗinsu ƙarami ne, ɗora musu kati ƙarin zafi ne da ƙarin nauyi a kan abin da ake tuhuma tun farko.

Na san akwai hanyar da ake bi da manhajar Rufus a tsallake sharuɗɗan a sa Windows 11 a tsohuwar na'ura, kuma tana aiki. Amma Microsoft ta bayyana cewa irin wannan na'ura ba ta da tabbacin samun sabuntawa, kuma ni ba zan ba wa mutumin da ke shigar da lambobin katin banki na jama'a a kwamfutarsa shawarar ya dogara da abin da ba shi da tabbaci ba. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a lamarin Malam. Da a ce buga takardu kawai yake yi ba tare da intanet ba, da na ce ya ci gaba da Windows 10 har ranar da madabod ta ƙone. Amma shagon da ɗalibai ke zuwa su biya kuɗi, su buɗe imel, su soka filashin da ya zaga shaguna goma, amanar mutane ce a hannunsa.

Saboda haka ra'ayina shi ne ya kasa kayan da zai saya kashi biyu: waɗanda za su bi shi zuwa kwamfuta ta gaba, da waɗanda za a binne tare da wannan. SSD, wato faifan ajiya na zamani da ya fi had-disk sauri, mai haɗin SATA zai bi shi, domin zai shiga kusan kowace kwamfutar tebur da zai saya nan gaba. UPS, wato na'urar batir da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, da sitabilaiza da faifan waje na ajiya su ma za su bi shi, haka monita da kibod. Ram ɗin DDR3 kuwa ba zai bi shi ba, saboda na'urorin zubi na takwas DDR4 suke ɗauka, tsagar da ke ƙasan sandar ma ba wuri ɗaya take ba. Furosesar i7-3770 ita ma nan za ta tsaya. A kashi na farko ya kashe kuɗi hankali kwance, a na biyu kada ya wuce sandar ram guda ta 4GB idan ya same ta da araha.

Idan lokacin sayen wata ya yi, ya lura sosai da lambar furosesa, domin kasuwa cike take da zubi na shida da na bakwai, suna da kyan gani, suna da sauri, masu sayarwa kuma sukan ɗora musu Windows 11 ta bayan gida su nuna maka tana aiki. Wanda ya sayi i5-6500 ko i5-7500 don gudun wannan matsala, tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Lambar farko bayan i5 ita ce zubin (daga zubi na goma zuwa sama, lambobi biyun farko ne), ya nemi 8 ko sama da haka. Idan kuma yana tunanin komawa sola, ƙananan akwatunan nan masu girman littafi sun fi dacewa: i5-8500T ƙwaƙwalwa shida gare ta, an tsara ta a kan wat 35, alhali tasa ta yanzu wat 77 ce.

Ɗalibin injiniya, Maraɗi

Ina gaishe da manyana. Da izininku ina so in kawo hanya ta uku wadda ba a ambata ba, domin ni ban yarda cewa ƙarewar wa'adin Windows 10 ita ce ƙarewar na'ura ba. Ina da kwamfuta mai irin wannan furosesar, na sa mata SSD da Linux Mint 22 a madadin Windows, wadda ake ba ta gyaran tsaro kyauta har zuwa 2029, kuma Chrome da Firefox suna aiki a kanta kamar yadda suke yi a ko'ina. Ga aikin cike fom da biyan kuɗi ta intanet, ban ga abin da za ta rasa ba, kuma yawancin ƙwayoyin cutar da ke yawo a filashi don Windows aka rubuta su.

Sai dai ba zan ɓoye wa Yaya gaskiya ba. CorelDRAW ba shi da sigar Linux, kuma duk da cewa Inkscape na iya yin zane mai kyau, koyonsa sabon karatu ne, tsofaffin fayilolinsa ma ba duka za su buɗe yadda ya tsara su ba. LibreOffice yana buɗe takardun Word, amma furojet mai shafi tamanin da jadawali da lambobin shafi iri biyu yakan zame, ɗalibi kuma ba zai karɓi uzuri ba idan malaminsa ya dawo masa da aiki. Ya kamata ya gwada firintarsa da sikanarsa tukuna, kuma yana iya yin hakan ba tare da ya goge komai ba, ta hanyar tayar da Linux daga filashi. Abin da nake gani shi ne, ranar da ya sayi wata kwamfutar, kada ya sayar da wannan a kuɗin banza. Ya mayar da ita ta intanet zalla a kan Linux, sabuwar kuma ta riƙe zane da bugu.

Mai shagon buga takardu, Zariya

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na yi kwana biyar ina bin abin da Baba ya ce, ga kuma abin da na samu.

Na fara da kwashe takardu, kuma a nan na gane cewa gargaɗin ba wasa ba ne, domin fayiloli goma sha ɗaya sun ƙi kwafuwa, ciki har da zanen wani kalanda da na yi wa wata makarantar Islamiyya. CrystalDiskInfo ya nuna ruwan ɗorawa, layin 05 da na C5 duka suna da alamar gargaɗi, awoyin aikin faifan kuma sun haura dubu talatin da takwas. Batirin da na cire, mai agogo ya auna shi bai kai bolt 1 ba, tun da na sa sabo maganar F1 ta wuce.

Zafi kuwa, kafin shara na ga 97 da idona da misalin ƙarfe biyu da rabi na rana, minti kaɗan kafin ta mutu. Da na kwance fankar, abin da na ciro daga kan ƙarfen ya fito ne a dunƙule kamar tsumman da aka yanka daidai wurin, har yaron shagona ya ɗauka wani soso ne da kamfani ya sa. Man furosesar ya bushe ya zama kamar ƙanzo, sai da na jiƙa shi da sifirit kafin ya fita. Yanzu a kan wannan fayil ɗin dai, a wannan lokacin na rana, ba ta wuce 66, fankar ma ba a jin ta. Kafasitoci duk lafiyarsu ƙalau, mai gyara kuma ya auna fawa-fak ya samu 12.1 da 5.0.

Duk da haka ta sake mutuwa sau ɗaya ranar Laraba, kuma saboda tambayar Baba na lura da yadda abin ya faru. Muna kan ƙaramin janareta, na tura bugu zuwa firintar leza, tana fara ɗumi ƙwan shagon ya dushe, kwamfutar ta ɗauke. Firintar da kwamfutar duk a jikin UPS ɗaya suke, wanda rabon da a canza batirinsa tun kafin korona.

Na karɓi shawarar Hajiya, na fasa maganar i7 da katin hoto. Abin da nake shirin saya shi ne SSD da sandar ram ɗaya da batirin UPS, sannan in fara tara kuɗin zubi na takwas zuwa bayan damina. Tambayata ta ƙarshe ita ce, in kwafe Windows ɗin da ke kan tsohon faifan zuwa SSD ne, ko in sa sabuwa? Kuma 256GB zai ishe ni?

Tsohon mai gyara, Titin Beirut, Kano

Madalla, Malam, ka yi aiki mai kyau. Ka cire firintar daga jikin UPS yau ɗin nan. Firintar leza tana da wani ƙarfe a ciki da take gasawa don ya manna garin tawada a kan takarda, kuma a daidai lokacin da ta fara gasa shi takan ja wutar da ta ninka ta kwamfutar sau da yawa, shi ya sa masu ƙera UPS da kansu suke hana a haɗa ta da shi. Ka ba ta soket nata daga bango, UPS ya riƙe kwamfuta da monita kawai. Batirin irin waɗannan ƙananan UPS galibi mai bolt 12 ne da 7Ah, ka ciro tsohon ka tafi da shi kasuwa don a ba ka daidai girmansa.

Kada ka kwafe Windows daga faifan da ya riga ya kasa karanta fayiloli goma sha ɗaya, za ka ɗauko ɓarnar ne ka zuba a sabon wuri. Ka cire tsohon faifan gaba ɗaya, ka sa SSD, ka ɗora Windows daga filashi. Idan lasisinta na dijital ne, da zarar ta hau intanet za ta gane madabod ɗin ta kunna kanta. Ka soka wayar SSD a ramin SATA mai lamba 0, domin a madabod na wannan zamanin ba duka ramukan ke da cikakken gudu ba, wasu rabi suke bayarwa. A rami mai kyau za ka samu kusan 500MB a daƙiƙa, inda tsohon faifan ko yana da lafiya da ƙyar yake wuce 150, kuma minti bakwai ɗin nan za su koma ƙasa da ɗaya.

Tun da SSD ɗin zai bi ka zuwa na'ura ta gaba kamar yadda Hajiya ta ce, kuma fayilolin zane suna da cin wuri, ka daure ka ɗauki 512GB. Akwai na jabu a kasuwa waɗanda ke nuna girman da ba su da shi, don haka ka yi sharaɗi da mai sayarwa cewa za ka gwada shi da manhajar H2testw kafin ciniki ya faɗa, ka kuma duba awoyinsa a CrystalDiskInfo don kada a ba ka tsoho a cikin sabon kwali. Wajen ram, ka ciro sandar da ke ciki ka karanta takardar da ke manne da ita, ka nemo mai irin gudunta, sannan ka tabbatar Windows ɗin da za ka sa mai 64-bit ce, in ba haka ba ba za ta ga abin da ya wuce 4GB ba. Bayan ka haɗa su, ka bar MemTest86 ya kwana yana gwada ram ɗin kafin ka ɗora aikin mutane a kai.

Tsohon faifan kuma kada ka yar da shi, kada ka sake kunna shi. Ka naɗe shi ka ajiye a durowa, idan makarantar nan ta dawo neman kalandarta sai ka kawo mini shi mu gwada ciro zanen.